Spotipy da alƙaluman Spotify: kafin ka gina bincike a kansu

A watan Fabrairun 2020 mujallar The Economist ta fitar da wani nazari da ya yi yawo sosai a intanet: wai a cikin shekara, a watan Fabrairu ne mutane suka fi sauraron waƙoƙi masu sanyaya jiki. A 2022 kuma Alex Edmans da abokan aikinsa suka wallafa maƙala a Journal of Financial Economics, inda suka auna yanayin waƙoƙin da ake ji a ƙasashe 40. Suka ce a makon da jama'a suka karkata ga waƙoƙin nishaɗi, kasuwar hannun jari takan tashi, sannan ta ja baya a mako mai zuwa. Nazarin nan biyu a kan abu ɗaya suka tsaya: wani maki daga 0 zuwa 1 da kamfanin Spotify yake ba kowace waƙa.

Idan kana koyon Python, mai karatu, wataƙila ka taɓa cin karo da hanyar da ɗalibai suka fi bi su kai ga irin waɗannan alƙaluma, wato Spotipy. Ra'ayina a kansa shi ne: kayan aiki ne mai kyau ga mai koyo, amma mai haɗari ga wanda zai rubuta kundin digiri ko maƙala ya ce "bayanai sun nuna". Ga dalilaina.

Mene ne Spotipy?

Spotify kamfanin sauraron waƙa ne ta intanet da Daniel Ek da Martin Lorentzon suka kafa a Sweden a 2006, ya fara aiki a 2008, kuma yana da waƙoƙi sama da miliyan 100 a rumbunsa. Ban da manhajar da kake gani a waya, kamfanin yana da wata ƙofa da ake kira API, wadda aka buɗe wa kwamfutoci. Ka ɗauke ta kamar tagar kanti. Ba za ka shiga sito ba, sai dai ka tsaya a taga ka faɗi abin da kake so a irin tsarin da mai kanti ya gindaya, a miƙo maka.

Spotipy kuwa laburare ne na Python, wato tarin umarnin da wani ya riga ya rubuta domin kada ka sha wahalar rubutawa daga farko. Paul Lamere ne ya soma shi, yanzu masu sa kai ne ke kula da shi a GitHub, kuma kyauta ne. Aikinsa ɗan aike ne tsakaninka da tagar nan. Za ka yi rajistar manhajarka a shafin Spotify na masu haɗa manhaja, a ba ka lambar shaida da lambar sirri. Da su Spotipy zai karɓo maka tikitin shiga mai aiki na awa ɗaya, idan ya ƙare ya sabunto. Daga nan sai tambaya: nemo mini wannan mawaƙi, kawo mini kundayensa, jero mini waƙoƙin da ke cikin kowanne. Amsa tana zuwa a tsarin JSON, ka juye ta cikin jadawali.

Gaskiya a nan ya cancanci yabo. Da umarnin pip install spotipy da layin kod da bai kai goma ba, ɗalibin da bai taɓa magana da wata saba ba zai ga bayanai na gaske a allonsa. Spotify yana ƙayyade yawan tambayoyin da manhaja za ta yi cikin kowane daƙiƙa 30, idan ka wuce ya mayar maka da lamba 429, wato dakata. Spotipy yakan jira da kansa ya sake gwadawa. Sakamako yana zuwa shafi-shafi, shi kuma yana da hanyar buɗe shafi na gaba cikin sauƙi. Domin koyon yadda ake neman izini da yadda ake tsaftace bayanai, da wuya ka samu filin atisaye mai daɗi kamarsa, tunda kowa yana da waƙar da yake son bincikawa.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɗan aike abin da aka ba shi yake kawowa. Tambayar ita ce, me ake ba shi?

Farin jini daban, adadin saurare daban

Abu na farko da yake ba sabon shiga mamaki: tagar nan ba ta faɗa maka sau nawa aka saurari waƙa. Adadin da kake gani kusa da wasu waƙoƙi a manhajar waya, babu shi a amsar da Spotipy ke kawowa. Abin da takardun Spotify suka tanada a da shi ne makin farin jini daga 0 zuwa 100. Takardun sun ce tsarin lissafi ne ke fitar da shi, bisa yawan saurare da kuma kusancin lokacin da aka yi sauraren, har ma sun ce yakan makara da 'yan kwanaki. Ainihin lissafin kuwa ba a wallafa shi ba.

Duba abin da wannan ke nufi. Waƙar da aka sha ji shekara goma da suka wuce tana iya samun maki ƙasa da wadda ta fito makon jiya, ko da ta ninka ta a jimillar saurare. Kuma ba ka da hujjar cewa mai maki 80 ta ninka mai 40 sau biyu. Sannan makin yana motsi: wanda ka kwasa ranar Litinin ba lallai ya zama shi abokinka zai kwasa ranar Juma'a ba. Duk da haka za ka ga ana ɗaukar matsakaicin wannan maki ana zana jadawali, ana cewa salo kaza ya fi salo kaza karɓuwa da kashi kaza. Wannan awo ne da mudun da ba ka san girmansa ba, kuma mai mudun yana iya sauya shi ba tare da ya sanar da kai ba.

Inda ake samun adadin saurare a fili shi ne shafin Spotify na jerin waƙoƙin da ke tashe, na kullum da na mako, a ƙasashe da dama. Amma waƙoƙi 200 na sama kawai yake nunawa. Shi kansa "saurare" ɗin, daƙiƙa 30 ne ma'auninsa. Wanda ya ji rabin minti ya wuce da wanda ya zauna ya ji waƙar minti goma sha biyar har ƙarshe, ƙirga ɗaya ake musu.

Bayanan masu saurare na haƙiƙa suna can cikin sito. A 2019 mujallar Nature Human Behaviour ta wallafa aikin Minsu Park da abokansa, waɗanda suka nazarci saurare miliyan 765 na mutum miliyan ɗaya a ƙasashe 51. Ta yaya suka samu? Akwai ma'aikatan Spotify a cikin marubutan. Kai da ke tsaye a taga ba za a miƙo maka wannan ba.

Nema ba ƙidaya ba ne

Umarnin nema yana karɓar tacewa: sunan mawaƙi, sunan waƙa, shekara, salo. Yana da amfani idan ka san abin da kake nema. Matsalar tana tasowa idan ka ɗauki sakamakonsa a matsayin samfurin bincike. An gina shi ne don mai waya ya samu waƙarsa da sauri, saboda haka kamfani ne ke jera amsoshin yadda ya ga sun dace, kuma tambaya ɗaya ba ta wuce sakamako 1,000. Idan ka nemi "waƙoƙin 2015" ka kwashe abin da ya zo, abin da ke hannunka zaɓin na'urar kamfani ne daga waƙoƙin 2015, ba zaɓin kan-mai-uwa-da-wabi da ilimin ƙididdiga ke buƙata ba.

Sai maimaici. Waƙa ɗaya tana iya fitowa tilo, ta sake fitowa a kundi, ta kuma shiga kundin tattara fitattu, kowace da tata lambar shaida ta Spotify, kuma takardun sun ce kowace ana mata makin farin jini daban. Maganin da aka saba shi ne haɗa su ta lambar ISRC, lambar duniya mai gurbi 12 da ake ba kowane ɗaukar sauti. Tana taimakawa, amma idan an sake ɗora tsohon faifai ta hannun wani mai rarrabawa aka ba shi sabuwar lamba, sai ta ruɗe ka. Salo ma haka: a wannan taga mawaƙi ake liƙa wa salo, ba waƙa ba. Mawaƙin da ya yi waƙar biki da ta ta'aziyya, duk lakabi ɗaya za su ɗauka.

Ga mai neman waƙoƙin Hausa akwai ƙarin aiki. Ɗanƙwairo, Dankwairo, Dan Kwairo: mutum ɗaya ne a wajenka, amma rubutu uku ne a wajen kwamfuta. Dabarar da ake koyarwa ta tsaftace suna, wadda ke cire alamar saman harafi ta mayar da é ta koma e, ba ta aiki a kan ɗ da ƙ da ɓ, domin a tsarin Unicode haruffa ne masu zaman kansu, ba d da k da b masu ɗauke da ado ba. Idan ba ka rubuta naka tsarin musayar ba, jadawalinka zai raba mawaƙi ɗaya gida uku, kai kuma ba ka sani ba.

Makin nishaɗi: wa ya koya wa na'ura?

Yanzu mu koma kan makin da muka fara da shi. A 2005 Tristan Jehan da Brian Whitman, waɗanda suka fito daga ɗakin binciken Media Lab na jami'ar MIT a Amurka, suka kafa kamfanin The Echo Nest domin sa kwamfuta ta "saurari" waƙa ta siffanta ta da lambobi. Spotify ya saye shi a watan Maris na 2014. Daga can aka gaji ma'aunan da suka yi suna: makin nishaɗi, wanda sunansa a kod valence, da makin dacewa da rawa, da na ƙarfin kiɗa, da na yawan magana a cikin waƙa, duk daga 0 zuwa 1. Akwai kuma saurin kiɗa a bugu nawa cikin minti, da ƙarar sauti.

Saurin kiɗa da ƙarar sauti abubuwa ne da ake iya aunawa, ko da yake na'urori sukan ninka saurin ko su raba shi biyu bisa kuskure. Nishaɗi fa? Babu ma'aunin zafi da za ka soka wa waƙa ya nuna maka farin ciki. Yadda The Echo Nest ya bayyana, mutum masanin kiɗa ne ya yi wa wasu waƙoƙi maki, aka koya wa na'ura ta kwaikwayi hukuncinsa a kan sauran. Ke nan lambar 0.82 da ka gani hasashen na'ura ne game da ra'ayin wani mutum. Jerin waƙoƙin da aka yi horon da su da girman kuskuren na'urar, ba a shimfiɗa su a fili yadda wani zai tantance ba.

Kuma daga sauti ake fitar da makin, ba daga ma'anar kalmomi ba. Kai da ka san waƙar Hausa ka san illar wannan. Kalangu yana iya tashi da zafi iri ɗaya ko yabo ake yi ko zambo. Abin da ya raba su yana cikin baitin, wani lokaci ma cikin habaicin da sai ɗan gari zai gane. Na'urar da ke jin bugun kalangun Mamman Shata ba ta da hanyar sanin ko gwarzo ake kambamawa ko wani ake yi wa tsiya.

Wasu ma'aunan ma tun daga ƙirarsu kiɗan Turai aka sa a gaba. Gurbin tsarin sauti amsa biyu kawai yake karɓa, 1 ko 0, wato meja ko maina, kuma tushen sautin ɗaya ne daga 12 na fiyano. To ina za a sa maƙamomin kiɗan Larabawa irin Rast da Bayati, masu sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano? Ina za a sa ragar Indiya? Gurbin awon bugu daga 3 zuwa 7 yake, alhali a Turkiyya akwai kiɗan rawa mai bugu tara. Na'urar ba za ta ce "wannan ya fi ƙarfina" a gurbin meja da maina ba. Za ta cika shi da lamba, lambar ta shiga jadawalinka tana kama da sauran. Kuntigin Ɗan Maraya Jos mai tsirkiya ɗaya ma za a tura shi ɗaya daga ramukan nan biyu, ko ya dace ko bai dace ba.

Ranar da aka rufe taga

A ranar 27 ga Nuwamban 2024 Spotify ya sanar cewa sababbin manhajoji, da waɗanda ke matakin gwaji, ba za su ƙara samun waɗannan ma'aunan sauti ba. Haka nan shawarwarin waƙoƙi, da jerin mawaƙa masu kama da juna, da jerin waƙoƙin da kamfanin ke shiryawa da kansa. Dalilin da ya bayar shi ne ƙara tsaron dandalin. Manhajojin da suka riga suka sami babban izini ne kawai suka tsira. Daga 15 ga Mayun 2025 kuma aka ce sai kamfani ko ƙungiya mai rajista, mai masu amfani aƙalla 250,000 a wata, za ta nemi wannan babban izini. Ɗalibin jami'a ba ya cikin lissafi.

Umarnin neman ma'aunan bai ɓace daga darussan da ke YouTube da shafukan koyarwa ba, sai dai sabuwar manhaja idan ta kira shi lamba 403 take samu, wato an hana. Kod ɗin lafiyarsa ƙalau, ƙofar ce a kulle.

Wannan ya fi ƙarfin takaicin mai koyo. Ginshiƙin kimiyya shi ne wani ya maimaita aikinka ya ga ko zai samu abin da ka samu. Maƙalolin da aka gina kan makin nishaɗi yanzu sabon mai bincike ba zai iya sake kwaso alƙalumansu ta wannan hanya ba, balle ya faɗaɗa su zuwa waƙoƙin bana. Abin da ya rage shi ne tsofaffin kwafe-kwafe a wurare irin Kaggle, waɗanda sau da yawa ba su faɗi ranar da aka kwaso su ko yadda aka zaɓi waƙoƙin ba. Ga kuma sharuɗɗan Spotify da suka hana amfani da kayansa wajen horar da ƙirƙirarriyar basira, abin da yawancin furojet ɗin ɗalibai ke son yi.

Ba Spotify ne farau ba. Twitter ya daina ba da ƙofarsa kyauta a 2023, Meta ya rufe CrowdTangle a watan Agustan 2024. A cikin Spotify ma, shafin Every Noise at Once na Glenn McDonald, mai taswirar salon kiɗa sama da 6,000, ya daina samun sababbin bayanai bayan an sallame shi daga aiki a Disamban 2023. Hausawa sun riga sun faɗa: kayan aro ba ya rufe katara.

Su wa ke cikin bayanan?

Ko da an bar taga a buɗe, akwai tambayar da ta fi duk waɗannan girma. Bayanan Spotify labarin masu amfani da Spotify ne. Sai a watan Fabrairun 2021 ya shigo Nijeriya da Ghana, alhali Boomplay tun 2015 yake nan, kuma yana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel. Ga Audiomack, ga YouTube, ga rediyo. Ga kuma masu tura waƙa a memori a bakin kasuwa, da tura wa juna ta Xender da WhatsApp, wanda babu sabar da ke ƙirga shi. Waƙar da ta cika gidajen biki a Kano da Maraɗi tana iya zama da ɗan ƙaramin maki a Spotify. Wanda ya karanta makin ya ce ba ta karɓu ba, wayoyin mutane ya auna da yadda suke sayen data, ba kunnuwansu ba.

A yi adalci

Za ka iya cewa, to mene ne laifin Spotipy a nan? Kusan babu. Masu sa kai ne suka rubuta shi, kuma yana yin abin da ya ce zai yi. Shi ma Spotify kasuwanci yake yi, bai taɓa alƙawarin zama ma'aikatar ƙididdiga ba. Inda nake ganin aibun shi ne sauƙin da laburaren ya kawo yana ɓoye nisan da ke tsakanin lamba da ma'anarta. Abin da ya zo cikin daƙiƙa biyu, a jere tsaf, da ɗigo da lambobi uku a bayansa, ba kasafai ake tuhumarsa ba.

Kuma kada a ɗauka duk abin da yake a buɗe daidai ne. Gidauniyar MetaBrainz ta gudanar da AcousticBrainz, rumbun ma'aunan sauti na kowa da kowa, amma a 2022 ta dakatar da shi, ta ce ingancin bayanan bai kai yadda ake buƙata ba. Sa na'ura ta fahimci kiɗa abu ne mai wuya ga kowa. Bambancin shi ne a can an ga kuskuren, an faɗe shi a fili, domin kowa yana iya leƙa cikin tukunyar.

To me za ka yi?

Idan koyo kake, yi amfani da Spotipy hankalinka kwance. Ka dai kiyaye lambar sirrinka, kada ka bar ta cikin kod ɗin da za ka ɗora a GitHub. Idan jerin kundaye da ranakun fitowa da tsawon waƙoƙi kake so, zai yi maka aiki, amma ka gwada abin da ya ba ka da MusicBrainz, kundin bayanan kiɗa da jama'a ke rubutawa, wanda shi ma yana da laburaren Python. Ka sani ranar fitowa a Spotify sau da yawa ranar wannan bugun ce. Tsohon faifan da aka ɗora kwanan nan yana iya zuwa da shekarar ɗorawa.

Idan kuwa sautin kansa kake son aunawa, ka samo sautin ta halastacciyar hanya ka auna da kanka. Akwai librosa, akwai Essentia ta jami'ar Pompeu Fabra da ke Barcelona, dukansu kod ɗinsu a buɗe yake, kana iya karanta yadda aka lissafa kowace lamba. Idan batun nishaɗi ko baƙin ciki ne a waƙar Hausa, ka tara masu jin Hausa su saurara su ba da maki, ka duba yadda hukuncinsu ya zo ɗaya ko ya saɓa, ka rubuta hakan a rahotonka. Ya fi wahala, samfurinka kuma zai fi ƙanƙanta, amma za ka iya kare kowace lamba a gaban masu jarraba ka.

Duk abin da ka kwaso ta taga irin wannan, rubuta ranar da ka kwaso, da ƙasar da ka sa a tambayar, da sigar laburaren, da ainihin kalmomin da ka nema. Sannan kafin ka sa wa kundinka take mai cewa "abin da 'yan Nijeriya ke saurara", ka tsaya ka gyara shi ya faɗi gaskiyar abin da ke hannunka: abin da Spotify ya nuna maka, a rana kaza, game da waɗanda ke amfani da shi.